Windows Live Mail a kan Windows 11: in sake ɗora shi ko in kwashe wasiƙun zuwa wata manhaja?

Sakataren Kamfani:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin wannan aiki da hannunsu. A ofishinmu akwai tsohuwar kwamfuta mai Windows 7, a kanta maigida yake karanta imel da Windows Live Mail 2012 tun shekarar 2013. Yanzu an sayo wata mai Windows 11. Akwatuna biyu ne, Gmail da Hotmail, duka ta POP aka haɗa su, wato hanyar da ke sauke wasiƙu daga intanet ta ajiye su a kwamfuta. Na Gmail yana aiki. Na Hotmail ya daina karɓar saƙo tuntuni, sai dai ya yi ta neman kalmar sirri ko da an sa ta daidai. Wanda ya saita mana tun farko ya ce wasiƙa tana gogewa daga intanet da zarar ta sauka, wato abin da ke cikin wannan kwamfutar shi ke nan, kusan giga 9. Faifanta ya fara ƙara, kuma ranar Asabar za a kai ta shago. Maigida dattijo ne, ya saba da fuskar wannan manhaja, ba ya son canji. Shin tana hawa Windows 11 kuwa? In tana hawa, in ɗora ta, ko in lallashe shi mu koma wata?

Ɗan Zamani:
Wa alaikumus salam. Ka buɗe masa Gmail a waya kawai, duk wasiƙunsa suna nan.

Injiniyan Kantin Kwari:
Ɗan Zamani, ya ce POP ne kuma ana gogewa. Wayar za ta nuna abin da ya rage a saba (server, wato kwamfutar kamfanin imel ɗin) ne kawai.

Malam Sakatare, tana hawa. Abin da ake buƙata shi ne cikakken fayil ɗin girkawa mai suna wlsetup-all.exe, ba ƙaramin nan da ke sauko da sauran daga intanet ba, domin an daina tallafa wa Windows Essentials 2012 tun 10 ga Janairu 2017, kuma an cire shi daga shafin Microsoft. Kafin ka taɓa shi, shiga Turn Windows features on or off ka kunna .NET Framework 3.5, in ba haka ba girkawar za ta tsaya. Wajen zaɓi ka ɗauki Mail kaɗai. Amma kada ka fara da wannan. Fara da kwafe foldar wasiƙun daga tsohuwar kwamfutar. Rubuta %localappdata%\Microsoft\Windows Live Mail a layin adireshi na Explorer, ka rufe manhajar gaba ɗaya, sannan ka kwafi foldar duka zuwa filasha mai giga 32. Kowace wasiƙa fayil ɗinta daban ne mai ƙarewa da .eml, don haka kwafar za ta yi nawa, dubban ƙananan fayiloli sun fi babba guda ɗaya cin lokaci. Ka yi haƙuri ka bar ta ta gama.

Hajiya Mai Lissafi:
Ku ƙara masa da adiresoshin mutane, ba sa cikin waccan foldar. A cikin manhajar ya shiga Contacts, ya danna Export, ya zaɓi CSV. Da yawa sai sun gama ƙaura su tarar wasiƙu sun zo amma littafin adireshi fayau.

Mai Shagon Farm Centre:
Ka kawo ta nan kawai, naira 5,000 aikin, cikin awa ɗaya ka tafi da abarka.

Tsohon Akawu:
Wannan kalmar ta "cikin awa ɗaya" ita ce ta hallaka wasiƙun wani ofishin lauyoyi da aka kawo mini kwamfutarsu bayan ta riga ta ɓaci. Ku saurara, domin irin wannan aikin ne sak. Windows Live Mail ne su ma, POP ne su ma, wasiƙun shekara goma sha ɗaya da takardun yarjejeniya maƙale a jikinsu. Suka kai wani shago a sa musu sabon Windows. Yaron ya tambaye su ko akwai abin da za a ajiye, suka ce duka. Ya kwafi Desktop, Documents, Pictures da Downloads, ya nuna musu a filasha, suka ce madalla. AppData, inda wasiƙun suke, ɓoyayyiyar folda ce, ba ta fitowa sai an kunna Hidden items, shi kuwa bai san da zamanta ba. Ya wanke faifan ya ɗora sabon Windows a kai.

Da a ce tsohon faifai ne mai juyawa da akwai sa rai, domin goge fayil a irinsa share sunansa ne kawai daga rajista, ainihin bayanan suna nan sai an rubuta wani abu a kansu. To amma shekara biyu kafin nan an canza musu zuwa SSD, sabon nau'in faifai da ba ya juyawa. Shi SSD akwai umarnin TRIM da ke gaya masa waɗannan gurabe ba a buƙatarsu, sai ya share su da kansa. Na sa manhajojin ceto guda uku, abin da ya fito bai kai wasiƙa ɗari biyu ba, su ma rabi a yage. Wani ya karɓi naira 150,000 a hannunsu da alƙawarin zai dawo da komai, ya riƙe faifan wata biyu, ya dawo musu da hotunan fuskar Windows. Akwai shari'ar fili da takardar shaidarta tana cikin waɗannan wasiƙu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, saboda minti ashirin na kwafa da ya hana duk wannan.

Mai Shagon Farm Centre:
Baba Akawu, ba kowane shago ne haka ba. Kuma wa ya ce a ba da 150,000? Ceto a nan 30,000 ne in faifan yana tashi.

Tsohon Akawu:
Ɗana, SSD da TRIM ya wuce ta kansa ko miliyan ka karɓa ba abin da za ka fitar. Wanda ya ce 30,000 da wanda ya ce 150,000 duk abu ɗaya za su miƙo.

Gwanin Linux:
Allah ya kyauta. Ni 25,000 nake karɓa a irin wannan ƙaura, domin sai na ƙirga wasiƙun kowace folda kafin da bayan, na buɗe na kowace shekara na ga maƙale-maƙalen suna buɗewa. Aikin yini ne. Wanda ya ce awa ɗaya bai ƙirga ba.

Ɗan Zamani:
Manhajar da ta yi wa Alhaji aiki tun 2013 ai ta isa ritaya, a haɗa mata garatuti a sallame ta da addu'a.

Injiniyan Kantin Kwari:
A koma kan tambaya. Akwai wurin da mai tambaya zai iya samun sauƙi. Gmail ba ya bin umarnin gogewa na manhaja yadda sauran suke bi, yana bin saitinsa na kansa. Ka shiga Gmail ta burauza, Settings, Forwarding and POP/IMAP, ka duba abin da aka zaɓa a layin da ke cewa me za a yi da wasiƙa in an sauke ta da POP. In an bar shi a kan ajiye kwafi ko archive, to wasiƙun da suka shigo suna nan a All Mail. Na Hotmail ne nake jin tsoro.

Game da haɗa Gmail a sabuwar kwamfutar: kalmar sirrin yau da kullum ba za ta shiga ba, Google ya rufe wannan hanyar tun 30 ga Mayu 2022. Tunda naku yana aiki, wani ya taɓa yi muku App password, wato kalmar sirri ta musamman da Google ke bayarwa don manhajoji irin wannan, amma sau ɗaya ake nuna shi, sai ka ƙirƙiri sabo. Sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu kafin zaɓin ya fito. Haruffa 16 ne. Saitin kuwa, pop.gmail.com ƙofa 995, ko imap.gmail.com ƙofa 993, sai smtp.gmail.com ƙofa 465, duka da alamar SSL, kuma ka sa alama a wurin da ya ce sabar fita tana buƙatar shaida. In ka ga kuskure 0x800CCC92, kalmar sirri ce aka ƙi. In 0x800CCC0E ne, bai kai ga sabar ba ma, duba lambar ƙofa da SSL.

Gwanin Linux:
Duk wannan daidai ne, Injiniya, amma ba ka gaya masa babbar matsalar ba. Hotmail ba zai taɓa dawowa a Windows Live Mail ba. Tun 16 ga Satumba 2024 Microsoft ya daina karɓar shiga da suna da kalmar sirri kai tsaye a Hotmail da Outlook.com, sai ta OAuth2, wato taga ta buɗe ka shiga ta shafinsu. Manhajar 2012 ba ta san wannan hanyar ba. Shi ya sa take ta maimaita tambayar. Sake girkawa ba zai gyara ba, canza kalmar sirri ba zai gyara ba.

Thunderbird kyauta ne kuma ya iya. Sa adireshin Hotmail ɗin, zaɓi IMAP (hanyar da ke barin wasiƙu a saba, ba kamar POP ba), outlook.office365.com ƙofa 993, smtp-mail.outlook.com ƙofa 587 da STARTTLS, Authentication method ka zaɓi OAuth2. In ya ƙi, shiga saitin Outlook.com ta burauza ka kunna IMAP tukuna. Tsofaffin wasiƙun kuma ka ɗora ƙarin nan mai suna ImportExportTools NG, ka danna dama a kan Local Folders ka ce ya shigo da fayilolin .eml daga folda har da na ƙarƙashinta. Ka zuba su a Local Folders, kada ka zuba su cikin akwatin IMAP, in ba haka ba zai fara tura giga 9 zuwa intanet, ya cinye data, in na Gmail ne kuma ya ci fiye da rabin giga 15 ɗin da Google ke bayarwa.

Injiniyan Kantin Kwari:
Kai kullum Thunderbird. Mutum ya ce dattijo ne ba ya son canji.

Gwanin Linux:
To ka gaya masa yadda dattijon zai karanta Hotmail a manhajarka.

Injiniyan Kantin Kwari:
Ya sa Outlook.com ya riƙa tura duk abin da ya shigo zuwa Gmail, a saitin Forwarding. Wasiƙa ta shigo ta Gmail, Alhaji ya karanta a inda ya saba.

Hajiya Mai Lissafi:
In ya ba da amsa kuma da wane adireshi za ta fita? Abokan cinikin da suka san Hotmail za su ga amsa daga wani adireshi daban. A harkar kuɗi wannan kaɗai ya isa a ɗauka damfara ce.

Mai Shagon Farm Centre:
Ni kwamfuta nawa ke bi ta hannuna a wata? Masu karatu a intanet su bar masu aiki su yi magana. A sa masa Outlook na Office a huta, akwai makullin lasisi na 3,000.

Tsohon Akawu:
Yawan kwamfutar da ta bi ta hannu ba shi ne sani ba, yaron da ya wanke waccan shi ma layi ake yi a shagonsa. Kuma Outlook ba ya shigo da foldar Windows Live Mail kai tsaye, sai manhajojin biyu suna kwamfuta ɗaya ka yi Export zuwa Microsoft Exchange daga cikin tsohuwar. Makullin 3,000 kuwa ba halal ɗin lasisi ba ne, wata rana zai wayi gari ya mutu.

Hajiya Mai Lissafi:
Ni 12,000 aka ce mini makullin, kuma aka rantse na asali ne. Wanne ne gaskiya?

Gwanin Linux:
Babu na gaskiya a cikinsu, Hajiya.

Injiniyan Kantin Kwari:
Abu ɗaya da na manta, in ka ɗora Windows Live Mail ɗin. Daga Windows 10 siga mai lamba 2004 zuwa sama yakan kawo kuskure 0x800C013E, wasiƙa ta ƙi buɗewa ko ta ƙi fita. Maganinsa a regedit yake, wato manhajar gyara saitunan cikin Windows. Rufe manhajar, je HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows Live Mail, ƙirƙiri DWORD guda uku, RecreateFolderIndex, RecreateStreamIndex da RecreateUIDLIndex, kowanne ka ba shi 1, sannan ka buɗe ta ka bar ta ta sake gina jerin. Kuma don Allah kada ka taɓa danna Remove account a tsohuwar kwamfutar da sunan gyara Hotmail. Cire akwati yana tafiya da wasiƙun da ke ƙarƙashinsa.

Sakataren Kamfani:
Na gode ƙwarai. Na fara kwafar, tana nuna saura awa uku. Na duba Gmail, an bar shi a kan archive, alhamdu lillahi. Amma sabuwar kwamfutar akwai rubutu a ƙasan allonta cewa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan zai shafi aikin?

Gwanin Linux:
Duba processor ɗinta. In Intel ne na ƙarni na shida ko na bakwai, to da ƙarfi aka ɗora mata Windows 11. Windows 11 yana neman TPM 2.0 (sashen tsaro na cikin kwamfuta) da, in ban da ƙalilan, ƙarni na takwas zuwa sama. Tunda tallafin Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, 'yan gwanjo suke tsallake binciken nan su ɗora 11 a kan tsofaffi su sayar da tsada. Imel zai yi aiki a kanta, amma babban sabuntawa na shekara ba zai zo mata da kansa ba.

Mai Shagon Farm Centre:
Mai saye ne yake cewa in ba 11 ba ba ya so. Mu yi yaya?

Tsohon Akawu:
Ku gaya masa gaskiya kafin ya biya. Wannan kaɗai ake nema. Kwamfuta nawa aka sayar wa makarantu da asibitoci a haka, ba wanda ya faɗa musu?

Hajiya Mai Lissafi:
Mu uku aka kawo mana ofis a watan jiya, dukansu da wannan rubutun. Malam Sakatare, nawa kuka sayi taku, kuma an ba ku rasit mai ɗauke da ƙarnin processor?