Tur'a ɗaya (magudanar ruwan noma) ta isa a rubuta risalar majistir (kundin digiri na biyu) a kanta?

'Yar Mai Wurno:

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina majistir a fannin tattalin arzikin noma, yanzu na kai matakin khuɗɗa, wato tsara shirin bincike. Taken da na kai wa mushrif ɗina, malamin da ke duba aikina, shi ne matsalar ruwa a Mashru'in Jazira, babban aikin noman ban ruwa na Sudan, gaba ɗaya. Ya ce wannan ya fi ƙarfin ɗaliba ɗaya, fili ne da ya haura feddan miliyan 2 (feddan ya ɗan fi eka) idan an haɗa da ɓangaren Manakil. Ya ce in zaɓi ƙaramar tur'a guda in yi dirasat hala a kanta, wato nazari mai zurfi na wuri ɗaya, in bi matsalar har saiwarta.

Tur'ar da raina ya kwanta da ita tana wajajen Hasahisa. Kawuna yana zaune a kambo (ƙauyen 'yan ƙwadagon gona) a can, yana noman sharaka, wato na raba amfani da mai gona, a wata hawasha (gonar manomi ɗaya) da ke can wutsiyar tur'ar. Tun ina yarinya nake ganin dawarsa tana naɗe ganye a watan Satumba, alhali masu hawasha a bakin tur'a gonarsu har ruwa ke kwanciya. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na shiga wannan fanni.

Damuwata biyu ce. Ranar munaƙasha, wato ranar kare risala, idan aka ce tur'a ɗaya ba ta wakiltar Jazira, me zan ce? Sannan duk wanda na tambaya amsarsa ɗaya ce, laka ce ta cike tur'a. Idan kowa ya riga ya san amsar, me ya rage mini in bincika?

Malami daga Gadarif:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mushrif ɗinki ya yi miki gata. Mai son sanin kashi nawa na manoman Jazira ke fama da ƙishirwa, istibyan (takardar tambayoyi) zai raba wa ɗaruruwan mutane. Ke tambayarki daban ce: ta yaya ruwan da ya shiga bakin tur'a yake ƙarewa kafin ya kai wutsiya? Irin wannan sai an zauna wuri ɗaya an zuba ido. Ki rubuta a babin farko cewa ba ki da'awar wakiltar mashru'in duka, kina bayyana yadda abin ke faruwa ne, ki kuma faɗi dalilin zaɓen wannan tur'a. Wanda ya faɗi iyakarsa da bakinsa, da wuya a ƙure shi a munaƙasha.

Batun laka kuwa, ki ɗauke ta a matsayin zato na farko, kada ki ɗauke ta amsa. Ki jera mata abokan takara: ciyawar da ke toshe tur'a, masu buɗe abu ishirin (ƙaramar hanyar da ke kai ruwa daga tur'a zuwa gonaki) ba a lokacinsu ba, da yawan amfanin da ake shukawa lokaci guda. Kowane zato ki tambaye shi, in kai ne sanadi, me ya kamata in gani a ƙasa? In laka ce kaɗai, shekarar da aka yashe tur'a dole wutsiya ta sha ruwa. In an yashe amma dawar kawunki ta ci gaba da naɗewa, akwai wani abu bayan laka.

Tarihin mashru'in ma zai yi miki aiki. An fara shi a 1925 da aka gama madatsar Sinnar, ya dawo hannun gwamnati daga kamfanin Ingila a 1950, a 1981 aka bar hisabin haɗaka aka koma kowane manomi da hisabinsa, sai dokar 2005 da ta ba manomi 'yancin zaɓen abin da zai shuka, ta kuma kawo ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Kada ki zuba waɗannan shekaru a muƙaddima ki wuce. Ki tambayi dattawan tur'ar, kafin 2005 yaya ruwa yake, bayanta yaya ya koma? An gina tur'o'in ne bisa tsarin juya shuka da kowa ke bi, wani ɓangare na hutawa. Idan kowa ya shuka abin da ya ga dama a rana ɗaya, buƙatar ruwa za ta taru wuri guda. Wannan zato ne mai ƙarfi, amma shi ma sai kin gwada shi.

Baba Tsohon Khafir:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tuna da mutanen kambo. Ni na yi gadin ruwa a ƙuruciyata. Abin da zan gaya miki, kada ki je da rana kawai. Ƙananan tur'o'in nan an yi su ne su tara ruwa da dare, a rufe bakin abu ishirin da magariba, da safe a buɗe ruwa ya tafi da ƙarfi. Kowane abu ishirin nimra ɗaya yake shayarwa, wato jerin gonaki na feddan 90. Idan na gaba suka bar nasu a buɗe har asuba, na baya me zai samu? Ki sa wani ɗan'uwanki namiji ya raka ki bayan isha'i, ku bi gefen tur'ar da tocila, ki ƙirga baki nawa ne a buɗe. Ki kafa sanda mai alama a baki, tsakiya da wutsiya, ki riƙa duba tsayin ruwa safe da yamma.

Laka gaskiya ce, tana zuwa da jan ruwan Yuli da Agusta daga duwatsun Habasha. Amma mu ma a zamaninmu akwai laka, kuma wutsiya tana shan ruwa.

Ɗalibin Fiƙihu, Omdurman:

Yaya, mu a wajenmu malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar surarsa. Mufti ba ya amsa nazila, wato sabuwar mas'ala, sai ya tambayi wa, yaushe, a wane hali. Kada ki rubuta babin shawarwari sai kin gama gane surar matsalar. Risaloli da yawa da na karanta suna ƙarewa da "gwamnati ta ƙara kuɗi", kuma wannan jumla za a iya rubuta ta ko ba a taka ƙafa gona ba.

Anti daga Kassala:

Ni ina da ja kaɗan. Kawunki yana cikin maganar, kuma mazauna kambo da masu hawasha ba koyaushe bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Idan mutanen bakin tur'a suka san ke 'yar wane ce, za su auna abin da za su faɗa miki. Ki bayyana wannan dangantaka a cikin risalar, ki ɓoye sunayen duk wanda kika yi hira da shi, kuma in da hali ki ƙara tur'a ta biyu da ba ki da kowa a cikinta, ku kwatanta.

Ki kuma kula da lokaci. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya shiga Jazira a Disamban shekarar, noma ya tsaya a wurare da dama, an lalata kayan aiki. Abin da za ki gani yau zai haɗa tsohon ciwo da sabo, dole ki raba su. Haka nan Habasha ta fara tara ruwa a madatsar Nahda tun 2020, kuma ana sa ran za ta riƙe laka mai yawa. Alƙaluman laka na tsofaffin littattafai ki duba shekararsu kafin ki jingina da su.

'Yar Mai Wurno:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na jera zatuttuka huɗu kamar yadda ka ce, kowanne da alamar da zan nema. Anti, tur'a ta biyu za ta ci kuɗin mota da ba ni da shi yanzu, amma zan kai wa mushrif maganar ranar Lahadi, dangantakata da kawu kuma zan rubuta ta ƙarara. Baba, ina da roƙo: a zamaninku kuna rubuta lokacin buɗewa da rufe abu ishirin a wani daftari? In ana yi, wa ke ajiye shi, khafir ko mufattish, jami'in da ke duba gonaki? Ina so in san ƙofar da zan fara ƙwanƙwasawa.