"Extract" a jikin kwalbar kurkur: tsantsa, jiƙo ko tatso?

Mafassarci: Assalamu alaikum. Kafson kurkur da ake shigowa da shi daga Indiya da Amurka, wani an rubuta masa "extract", wani "standardized extract", wani kuma garin kurkur ne kawai. Masu talla duk "tsantsar kurkur" suke kiransu. Malamai, da wace kalma za mu raba su?

Mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam. A fara ajiye tsantsa gefe. Tsantsa shaida ce cewa ba gauraye, ita kuwa kalmar Turancin aiki kawai take faɗa: an niƙa busasshen kurkur, an jiƙa shi a ruwan sinadari mai narkar da abu, wato itanol ko asiton, an tace, an ƙafar da ruwan, an busar da abin da ya rage. Wanda ya fassara ta da tsantsa ya yi wa kamfani shaidar da ko kamfanin bai yi wa kansa ba.

Mai maganin gargajiya: To ai jiƙo ke nan, Malam. Ko tsimi.

Mai harhaɗa magunguna: Baba, jiƙo ruwa ne, da ruwansa ake shan sa. Sinadarin da ake nema a kurkur, wato kurkumin, da ƙyar yake narkewa a ruwa, shi ya sa ba da ruwa ake ciro shi ba. Tsimi kuwa kowa ya san inda hankali ke tafiya in an ambace shi. Ni tatso nake gani, daga tatsa, kamar yadda jiƙo ya fito daga jiƙa. An tatso amfanin, an bar tuƙar.

Malamar Hausa: Ginin kalmar bai saɓa ba. Tatacce ma zai zo a rai, amma ko kunu ana tacewa, tacewa ba ta ƙara wa abu ƙarfi. Na yarda da tatso. Ɗaya kalmar fa, wato "standardized"?

Mai gwaji a ɗakin bincike: Hajiya, nan ne gizo ke saƙar, domin ita ce ke raba kwalba da kwalba. Busasshen kurkur yakan ƙunshi kurkumin da danginsa kamar kashi 3 cikin 100. Kafso mai miligiram 500 na gari zalla yana da wajen miligiram 15. Kafso mai nauyi ɗaya da shi, na tatson da aka auna aka tabbatar kashi 95 ne, yana da 475. Ga su launi kusan ɗaya, amma ɗayan ya ninka ɗayan fiye da sau 30. Don haka aunannen tatso na ba da shawara: an auna wani sinadari takamaimai, an rubuta adadinsa.

Kada a haɗa shi da lambar nan "10:1". Ita cewa take kilo 10 na kurkur ne ya ba da kilo 1 na tatso, ba ta faɗi ko kurkur ɗin mai ƙarfi ne ko wanda ya shekara a rumbu ba. Ku yi lissafin ma: kilo 10 mai kashi 3, ko ba a yi asarar komai ba, kashi 30 zai bayar. Kwalbar da ta haɗa 10:1 da kashi 95 sai a nemi takardar gwajinta, a duba ko lambar rukunin da ke takardar ta yi daidai da ta gindin kwalba.

Mafassarci: Shi ke nan aunanne ya zama mai tsabta?

Mai gwaji a ɗakin bincike: Ina! Ana cika awo da kayan wani. Kurkumin na roba, wanda ake haɗawa daga sinadaran man fetur, ya fi arha, kuma a gwajin launi mai sauƙi zai ba da kashi 95 ɗin. Na'urar HPLC, mai rarrabe sinadaran da ke cikin abu ɗaya bayan ɗaya, ita ce ke tona shi: na tsiro 'yan uwa uku ne, babban ya kai kashi 70 zuwa 80, ƙananan biyu su cike sauran. In aka ga babban shi kaɗai ya tsaya, da walakin. Gwajin kabon 14, wani nau'in kabon da ake samu a jikin tsiro, ke yanke hukunci, tunda abin da ya fito daga fetur ba shi da shi. Irin wannan cika awon ake yi wa tatson ganyen bishiyar ginko: ma'auninsa kashi 24 na wasu sinadarai da kashi 6 na wasu, sai a zuba masa sinadarin rutin na wata bishiya don lambar 24 ta cika.

Mai maganin gargajiya: Wannan sunansa algus tun kaka da kakanni, ba sai an ƙirƙira ba.

Mai harhaɗa magunguna: Haka ne, Baba, sai dai a raba uku. Garin sitaci irin maltodekstirin da ake sawa don tatso ya bushe ya shiga kafso, in an rubuta shi a jikin kwalba, ciko ne. In an ɓoye, ko an sa don a rage ƙarfi a sayar da kuɗin mai ƙarfi, ya koma algus. Ƙwayoyin cuta, fumfuna da ragowar maganin feshi kuma gurɓata ne, ba da niyya suka shiga ba. Dalma takan zama gurɓata, takan kuma zama algus: ta ƙasar gona gurɓata ce, amma rinin rawaya mai dalma da aka gano ana shafa wa kurkur a Bangaladash don ya yi kyan gani, algus ne tsagwaronsa.

Malamar Hausa: To a rubuce: garin kurkur, tatson kurkur 10:1, aunannen tatson kurkur, kurkumin kashi 95. Jam'i a bar shi "nau'o'in tatso", kada a wahalar da baki.

Mai gwaji a ɗakin bincike: Ƙari ɗaya, Hajiya: aunanne kada ya tsaya shi kaɗai ba sunan sinadari da lamba, in ba haka ba gobe masu talla za su mayar da shi sabuwar tsantsa.