Ikokiritisizim: me za mu kira shi da Hausa?

1/ A zangon nan a Gusau mun ɗauki kwas kan adabi da muhalli. Tun ranar farko kalmar ikokiritisizim ta tsaya mana a wuya. Wani Ba'amurke, William Rueckert, ya ƙirƙiro ta a 1978, ana nufin karanta waƙa ko labari a duba yadda ya ɗauki ƙasa da ruwa da itatuwa da dabbobi. Malam ya ce kowa ya zo da sunan Hausa.

2/ Wani ya ce adabin daji. Ajin ya yi tsit. A Zamfarar yau in ka ce daji, ba kura ko gada ke zuwa zuciya ba, 'yan bindiga ne. Kuma ba adabin muke raɗa wa suna ba, hanyar nazarinsa ce.

3/ Tarke shi ne nazari da sharhin adabi. Tarken ƙasa ya burge ni kwana biyu, amma mai ji zai zaci siyasar Najeriya ake nufi. Tarken yanayi kuma bai isa ba, don yanayi damina da rani ne da hunturu.

4/ Wata 'yar Anka ce ta kashe shawarar tarken tsirrai da dabbobi. Ta tuna mana gubar dalma ta 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida a Bagega da Dareta, ƙurar ta kashe yara fiye da 400. Ta ce, "Malam, in wata uwa ta yi wa wannan waƙa, ina tsiro, ina dabba? Turɓayar ɗakinta ce." Har yau maganar nan ba ta bar ni ba.

5/ Saura tarken muhalli. Na ƙi shi da farko, don a bakin kakata muhalli wurin zama ne kawai, inda mutum ke kwana. Sai Malam ya ce "iko" ɗin da ke farkon kalmar daga Girkanci ya fito, oikos, ma'anarsa gida. Ashe abin da na ɗauka aibi shi ne asalin maganar! Gulbin Matan Fada gida ne ga masuncin Argungu. Gawon da ke zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, na gida ne wurin manomi. Waɗanda madatsar Bakolori ta tasa daga gonakinsu gida suka rasa.

6/ Don haka ni na tsaya kan tarken muhalli, mai yinsa kuma matarkin muhalli. A rubutun jarrabawa ana iya cika shi: tarken adabi ta fuskar muhalli.

7/ 'Yan'uwa na Argungu da Yawuri, ku tambayar mana iyayenmu masunta: da wace kalma suke haɗa ruwa da kifi da fadama a baki ɗaya? In akwai, ina so in kai wa Malam ranar Litinin.