Rabon kuɗi ko noman rani: wanne zai rage talauci a Gombe?

Malamin firamare, Kumo:
Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashina ba ya kai ni tsakiyar wata, ko da yake an ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa zuwa naira 70,000 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 ne ke fama da talauci, akasarinsu a Arewa. Shin rabon naira 25,000 duk wata har tsawon wata uku da Gwamnatin Tarayya ta tsara wa gidaje miliyan 15 zai iya fitar da mutane daga wannan hali?

Manomi, Dadin Kowa:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan kuɗi ko buhun taki ɗaya ba zai saya ba. Mu da muke zaune a bakin madatsar ruwa, ga ruwan kogin Gongola muna gani da idanunmu, amma da yawa daga cikinmu sun rage fadamar da suke nomawa, domin injin ban-ruwa fetur yake sha, kuma fetur ya fi ƙarfinmu. Wanda ya daure ya noma shinkafa da bashi, dole ya sayar da ita da araha ranar girbi, daga baya ya koma kasuwa ya sayo ta da tsada. Da za a faɗaɗa magudanan ruwa, a ba ƙungiyoyin manoma injina masu aiki da hasken rana, a kawo taki a kan kari, da samarinmu ba su tafi ci-rani ba.

Mai sayar da abinci, Tudun Wada:
Baba, maganarka gaskiya ce, amma matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar ba ta da gona, kuma yunwarta ba za ta jira girbi ba. A wurinta naira 25,000 jari ne na ƙosai ko ƙuli-ƙuli. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake tsara sunayen waɗanda za a raba wa kuɗin. Ba mu manta ba, a Janairun 2024 an dakatar da ministar jin-ƙai, Betta Edu, bisa zargin karkatar da kuɗin talakawa.

Malamin firamare, Kumo:
Na gode, Baba da Hajiya. Ni dai zan so a riƙa karanta sunayen a ƙofar gidan mai unguwa, a gaban jama'a, kafin a biya kowa ko kwabo.