Neman kalmar Hausa: me za mu kira kwanon gasa kek mai lanƙwasawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar kek, na Agege da Idi-Araba da sauran unguwannin Legas. Kwanon gashin nan mai laushi da ya cika shagunan Balogun da Idumota, wanda ake lanƙwasa shi ya koma yadda yake, har yau ba shi da tsayayyen suna a bakinmu. Na tattara sunayen da aka kawo, ga kuma nawa ra'ayin.

Da yawa "kwanon roba" suke cewa. Wannan sunan tsoro yake ba ni. A Hausarmu roba ita ce ta wanki da ta zuba abinci, wadda ke narkewa da ta ji wuta. Yarinya mai koyo in ta ji an ce ana gasa kek a roba, wata rana sai ta ɗauko ta kicin ta tura cikin obin. Shi kuwa wannan ba daga man fetur asalinsa yake ba kamar robobinmu, daga sinadarin silikon ne da ake samu a yashi, shi ya sa mai kyau yake jure zafi har wajen digiri 220, ya kuma shiga firiza bai tsage ba.

Wata babbar yayarmu ta ce "kwanon danƙo". Yaya, Hausarki ta fi tawa, amma mai saye in ya ji danƙo, abu mai liƙewa ne zai faɗo masa a rai.

Wanda na fi ƙi shi ne "mara kamu", sunan da 'yan kasuwa ke tallarsa da shi. Wannan sunan ne ya jawo wa mata da yawa asarar ƙwai da bota, domin sun yarda ba sai an shafa komai ba. Yana kamu. Sukarin da ke cikin kwaɓin yakan narke a gefe ya riƙe jikin kwanon, musamman mai zanen fure da lunguna. Sannan silikon ba ya isar da zafi kamar ƙarfe, don haka gefen kek ba ya yin ɓawon nan mai ƙwari da ke sa ya saki da kansa. A shafa bota ko'ina har cikin lungu, a barbaɗa fulawa, a kakkaɓe ragowar. In na cakulan ne a barbaɗa garin koko don kada ya yi fari-fari. A ɗora kwanon kan tire na ƙarfe kafin a zuba kwaɓi, a soka tsinke a tabbatar tsakiya ta gasu. Abin da ya fi ba mutane wuya shi ne haƙurin barinsa ya huce sarai, ga mai oda na ta kiran waya. Da zafinsa kek laushi gare shi, kina ja ya rabe biyu. In ya huce, ki janye gefen a hankali, ki kife, ki saɓule kwanon ta baya. Wuƙa kuwa kada ta kusance shi.

Wanki ma na ciki. Maiƙon da ya kwana yakan zama wani yauƙi a jikinsa, shi ne ke kama kek na gaba, don haka ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, soso mai laushi, a bari ya bushe ƙarau, tunda iskar Legas danshi gare ta. Masu gashi a tukunya da yashi saboda rashin wutar lantarki, ku sa wani abu ya ɗaga shi, kada ya taɓa gindin tukunya.

Ni dai na tsaya a kan "tandar silikon" ga mai gurabe, "kwanon silikon" ga mai baki ɗaya. Duk wadda ta ji tanda ta san mai waina ba ta zuba ƙullu sai ta ɗiga mai a kowane gurbi. Wani ƙanena ya kawo "lanƙwasau", kuma ya yi daɗin faɗa, sai dai bai nuna na gashi ba ne.

Saura shimfiɗar nan ta silikon da ake gasa biskit a kai. An ce "tabarmar gashi". Iyayenmu da malaman Hausa da ke nan, kun amince, ko akwai wanda ya fi?