Wai me za mu kira log ɗin kwamfuta da Hausa?

Jama'a ku zo mu sasanta wannan kalmar. Jiya a shagonmu na Computer Village a Ikeja wani Alhaji daga Agege ya kawo kwamfutar ofishinsa, wai haka kawai sai ta ɗauke ɗif. Na buɗe Event Viewer, inda Windows ke nuna bayanan abubuwan da suka faru a kwamfuta, na shiga ɓangaren System, sai ga lamba 41 a jere, ga 6008 kusa da ita, ma'ana na'urar ta mutu ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. Da na karanto masa lokutan ya ce ai daidai lokacin da suke komawa janareta ne, ashe batirin UPS ɗinsu, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, shi ne ya gama aiki. Ya ce yaro a ina ka ga wannan? Na ce a log, ranka ya daɗe. Ya ce mene ne log?

Wani a shagon ya ce gungume. Gaskiya asalin kalmar ke nan, katakon da matuƙan jirgin ruwa ke jefawa a teku da igiya don auna gudu, su rubuta a littafi, amma ka ce wa Bahaushe duba gungumen kwamfutarka ai ba ka faɗa masa komai ba. Rajista kuma Windows na da Registry, abu ne daban, za a rikice. Tarihi ma burauza ta riga ta ɗauka.

Abin da Alhaji ya gane nan take shi ne littafin maigadi, irin na bakin get a Lekki, wa ya shiga, ƙarfe nawa, wa aka hana. Haka ɓangaren Security na Event Viewer yake, 4624 an shiga, 4625 an gwada ba a samu shiga ba, in ka ga ɗaruruwan 4625 da tsakar dare to wani na taɓa maka ƙofa. Har wanda ya goge littafin sai an rubuta, 1102.

Ni dai na tsaya a kan kundin aukuwa, kowane layi aukuwa ɗaya da lokacinta da lambarta, ya kuma dace da abin da ke /var/log, inda Linux ke ajiye nasa log ɗin. Matakan aukuwar kuma, Warning gargaɗi, Error kuskure, saura Critical, mafi tsanani, kuma 41 ɗin Alhaji a matakin Critical take. Malaman Hausa ku kawo ta.