Neman shawara: yaya zan haɗa launin fentin tsohon gida ɗakunan su dace da juna?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun sayi tsohon gida a Ingila, ginin zamanin Sarauniya Biktoriya, irin masu jere da bango ɗaya da maƙwabta. An gama aikin wuta da na ruwa, saura fenti, kuma nan muka tsaya cak. Maigida yana son a shafe ko'ina da fari a huta, ni kuwa ina son kore mai duhu a falo da shuɗi a ɗakin kwana. Gidan yana da doguwar hanyar shiga mai tayil na asali, ja da ruwan ƙasa da baƙi da ɗan ruwan madara, akwai murhun ƙarfe a falo da adon filasta a gefen silin. Falon yana kallon arewa. Tsorona kada kowane ɗaki ya kama gabansa, gidan ya rasa kai. Daga ina ake farawa?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sanya alheri. Ai kin riga kin faɗi mafarin da bakinki. Wannan tayil ɗin shi ne jagora. Fenti ana sake shi gobe, tayil da murhu da katakon matakala kuwa suna nan daram. Ki durƙusa ki kalli launukan da ke ciki da kyau. Ruwan madarar nan shi zai hau bangon hanyar shiga har saman bene, domin daga nan ake hango kowane ɗaki in ƙofa tana buɗe. Sauran launukan gidan su zama waɗanda za su zauna kusa da jan nan da ruwan ƙasan ba tare da faɗa ba. Korenki zai zauna lafiya in mai sirkin toka ko ruwan ƙasa ne. Kore mai ƙyalli ba zai yi ba.

Abu na biyu, duk katakon gidan, ƙofofi da firam ɗin taga da allon gindin bango, ki ba su launi guda daga ƙasa har sama. Wannan kaɗai yana ɗaure gida ko da bangon ɗakuna ya bambanta.

Baban Khalifa:
Hajiya ta gama magana. Ƙarin da zan yi a kan farin da maigida yake so ne. Farin nan mai ɗaukar ido na gwangwanin yau bai wanzu ba lokacin da aka gina gidanku. Mulkin Biktoriya daga 1837 ne zuwa 1901, sinadarin titaniyam da ke ba fenti wannan hasken kuma sai a ƙarni na 20 ya shigo kasuwa. Shi ya sa in aka shafa shi kusa da tsohon tayil, sai tayil ɗin ya zama kamar ya yi datti. A ba maigida farinsa, amma mai ɗan sirkin rawaya ko toka. Mutanen wancan zamani sun fi son ja mai duhu da kore da ruwan ƙasa, musamman a ɗakin cin abinci. Ni da gidana ne, launukan zamanin zan bi sak. Kamfanonin fenti da yawa a can suna da jerin launukan tarihi.

Anti Mai Zane:
Yaya Baban Khalifa, a nan zan ɗan saba maka. Gidan zama za ta yi, yara za su yi karatu a ciki. Waɗancan mutane da fitilar gas da hayaƙin kwal suka zauna, launi mai duhu yana ɓoye musu baƙin hayaƙi. Ba dole ta ɗauki duhun duka ba. Launi uku zuwa huɗu sun ishi gidan gaba ɗaya, sai a riƙa juya su: koren da ya mamaye bangon falo ya koma kan kabad ɗin kicin, ya sake fitowa a labulen bene. Masu ado suna da ƙa'idar kashi 60 babban launi, 30 na biyu, 10 na ƙawa. Ba doka ba ce, amma tana hana zarcewa.

Maman Hanan, batun arewan nan ki riƙe shi da kyau. A Ingila ɗakin da ke kallon arewa kusan ba ya samun rana kai tsaye, haskensa mai sanyi ne, yana jan launi zuwa shuɗi-shuɗi. Fari ko toka a irin wannan falo sai su fito a mace. Kore mai ɗumi da kike so ya fi su dacewa nesa ba kusa ba. Shuɗin ɗakin kwana kuma ki duba wanda zurfinsa ya yi daidai da na koren, mai ɗan sirkin toka shi ma.

Kada ki yanke hukunci da ɗan katin shago ko hoton waya. Ki sayi ƙananan gwangwanayen gwaji, ki shafa sau biyu a kan babban kwali, ki riƙa matsar da shi bango zuwa bango, safe da yamma da dare. Ki sa ƙwan fitilar da za ku zauna da shi kafin gwajin. Mai lamba 2700K hasken ɗumi yake bayarwa, 4000K kuma fari ne, launi ɗaya zai fito daban a ƙarƙashin kowanne.

Malam Mai Fenti:
Sana'ata ce, ku bar ni in tsoma baki a abin da ke ƙarƙashin launin. Maman Hanan, gida mai wannan shekaru yawanci filastar farar ƙasa ce a bangonsa, tana shan danshi tana fitarwa. In aka rufe ta da fenti mai roba-roba, danshin zai maƙale, bayan ɗan lokaci ki ga fenti yana kumbura yana ɓarewa. Ki tambayi mai aikinki wace filasta ce, in ta asali ce a nemi fenti mai barin bango ya sha iska.

Na biyu ya fi muhimmanci tunda akwai yara. Tsohon fentin ƙofofi da matakala yana iya ƙunsar dalma, ƙurarta guba ce. Kada kowa ya sa sanfefa a bushe ko ya ƙona shi da wuta kafin a gwada. Sannan ku bincika ko gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, ko unguwar tana ƙarƙashin kariya. In haka ne, ku tuntuɓi ƙaramar hukuma kafin ku taɓa launin waje ko adon filastar.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun karanta tare da maigida, ya yarda da ruwan madara a hanyar shiga da katako duka, ni kuma na samu korena. Batun dalma bai taɓa zuwa mana a rai ba, mun dakatar da mai goge matakala sai an gwada. Anti, silin ɗin falon fa, da adon filastar, su bi launin katako ko a bar su daban?

Anti Mai Zane:
Su bi na katako, amma marar sheƙi. Silin ɗin gidajen nan yana da tsawo, in akwai siririn katakon rataye hoto a saman bango, ki tsayar da koren a kansa, daga nan zuwa sama ruwan madara.